Kaza, Majigi da Talabijin: Tarihin Kallo a Jega da Aliero da Maiyama

Duk wanda ya zauna da dattawa a Jega, ko Aliero, ko Maiyama, ya kawo zancen zamanin da aka fara ganin akwatin talabijin, ba zai tashi ba sai ya ji ɗaya daga cikin labaru uku. Za a ba shi labarin tsohon da mai karanta labarai ya yi sallama, shi kuwa ya gyara zama ya amsa masa. Za a ba shi na mutumin da ya zagaya bayan akwatin don ya ga ƙofar da mutanen suka bi suka shiga. Za a kuma ba shi na tsohuwar da ta ja mayafi, ta ce mutumin nan ya cika kallo, duk inda ta koma idonsa yana kanta. A kan yi dariya, a ce ƙauyanci ne. Amma abin lura shi ne ba a faɗin sunan mutumin, ba ya kuwa zama ɗan garin mai ba da labarin. Kullum mutumin wani ƙauye ne can gaba.

Nufina a wannan takarda in nuna cewa waɗannan labaru, da 'yan'uwansu da Turawa suka rubuta a kanmu, sun ɗora wa mutanen karkara abin da ya ke halin idon ɗan Adam ne baki ɗaya. Talabijin tun asalinsa a kan raunin ido aka gina shi, da gangan, da lissafi. Wanda ya ƙera shi da wanda ya fara ganinsa a rumfar kasuwa duk ruɗu ɗaya su ke ciki. Maganar kuwa ta shafi malaman kwalejojin horon malamai ƙwarai, domin su ne ke koya wa ɗalibai yadda za su yi amfani da hoto a aji, su ne kuma za su rubuta tarihin iyayenmu, ko dai da adalci ko da ba'a.

Garuruwan nan uku a kan hanya ɗaya su ke. Mai tasowa daga Sakkwato ya nufi kudu maso yamma, in ya wuce Tambuwal sai Aliero, sai Jega a bakin Gulbin Zamfara, inda hanyar Birnin Kebbi ta rabu, sa'an nan in ya miƙe kudu kan hanyar Koko da Yawuri sai Maiyama. Dukansu ƙasar Gwandu ne. Jega, wadda Buhari ɗan Abdussalami ya kafa a farkon ƙarni na 19, da kasuwa aka san ta tun zamanin ayari. Aliero kuwa da albasa da masu ɗori. Na ambaci wannan ne don kada mai karatu ya manta irin mutanen da a ke magana a kansu: fatake masu duban sa su faɗi kuɗinsa, da masu ɗorin da ke shafa karaya da yatsa su san inda ƙashi ya goce. Ido ba mudu ba ne, in ji Hausawa, amma ya san ƙima.

Kafin talabijin akwai majigi. Kalmar daga Ingilishi ta fito, daga sunan tsohuwar fitilar nan ta haska hoto a bango wadda Turawa suka laƙaba wa sunan sihiri, Bahaushe ya ɗauki gaɓar farko ya gyara ta daidai bakinsa. Wani sunan da aka ba silima a farkon zuwanta shi ne dodon bango, kamar yadda Brian Larkin ya kawo a littafinsa na 2008 game da Kano. Majigi mota ce ta Gwamnati, da injin wuta da lasifika da farin ƙyalle, tana bin larduna, En'e tana yi mata shela, a kafa ta da dare a fili ko a ƙofar fada, a nuna tsabta da noman auduga da rangadin manya, tafinta yana tsaye yana bayani da Hausa. Gari mai babbar kasuwa a kan hanyar mota, irin Jega, shi ne irin wurin da motar ta ke nema.

Uban wannan sana'a shi ne William Sellers, jami'in kiwon lafiya a Ikko, wanda ya fara amfani da fim don yaƙi da ɓeraye da annoba, daga baya aka ba shi shugabancin sashen shirya finafinai na ƙasashen mulkin mallaka da aka kafa a London a 1939. Sellers ya kafa dokoki. Ya ce a yi kome a hankali, kada a tsallake mataki, kada a juya kyamara tana ɗauka domin wai 'yan kallo za su zaci gidaje ne ke tafiya, kada a cika matsowa kusa da ƙaramin abu. Daga nan ne labarin sauron nan ya yaɗu: wai an nuna sauro ya cika ƙyalle, mutane suka ce su kam sun gode Allah, nasu bai kai haka girma ba. Ba a tsaya an tambaya ko ba'a ce su ke yi wa mai majigin ba, alhali kuwa duk wanda ya san barkwancin Hausawa zai ji ƙanshinta a cikin wannan amsa.

Amma labarin da ya fi kowane tafiya nesa shi ne na kaza. Wani malami na Jami'ar London, John Wilson, ya ba da shi a 1961, sa'an nan Marshall McLuhan ya ɗauka ya sa a littafinsa na 1962, duniya ta karanta. An nuna wa mutanen wani ƙauye na Afirka fim na kamar minti biyar, wani lebura yana zubar da ruwan da ya kwanta cikin gwangwanaye don hana sauro, yana yi a hankali ƙwarai. Da aka gama aka tambaye su abin da suka gani, sai suka ce kaza. Masu fim ba su san da wata kaza ba. Suka koma suka bi hotunan ɗaya ɗaya, sai ga ta, ta gilma a kusurwa na kamar sakan ɗaya. Wilson ya yanke cewa wanda bai yi karatu ba ba ya iya ɗaukar hoto gaba ɗaya, sai dai ya bi shi gutsure gutsure. James Burns ya nuna daga baya cewa labarin kazar ya daɗe yana yawo a bakin ma'aikatan majigi ta siga iri iri, watau shi ma ya zama tatsuniya irin tamu ta tsohon da ya amsa sallama.

To, mu ɗauka an yi haka ɗin. Me ya nuna? Gefen idon ɗan Adam, na malami da na jahili, motsi ya ke farauta. Abin da ya gilma da sauri a kusurwa ya kan fizgi hankali kafin mutum ya yi niyya, balle an shafe minti biyar ana nuna masa wani yana zubar da ruwa, abin da ya ke gani kullum a gidansa. In aka tambayi Bahaushe, "Me ka gani?" ba zai faɗi abin da kowa ya sani ba, zai faɗi abin da ya zo ba zato. Harshenmu ma ya raba waɗannan: akwai gani, wanda ke faɗo wa mutum, akwai dubawa, wadda a ke yi da nufi, akwai kallo, wanda a ke zama a yi don nishaɗi. Mai majigi dubawa ya ke so, jama'a kallo suka zo, shi kuwa ya yi tambaya a kan gani. A 1999 Daniel Simons da Christopher Chabris suka yi gwaji a Jami'ar Harvard: aka nuna wa mutane fim na masu jefa wa juna ƙwallo, aka ce su ƙirga jifan masu fararen riguna, a tsakiya wani ya shigo cikin shigar gwaggon biri, ya tsaya ya bugi ƙirji ya wuce. Kusan rabin masu kallo ba su gan shi ba sam. Mutanen Wilson sun ga kazar da masu fim ba su gani ba, masu ilmi a Amurka sun kasa ganin gwaggon biri a tsakiyar allo. Ba wanda ya rubuta cewa idon Ba'amurke bai waye ba.

Ba'ar ma ba a kanmu aka fara ta ba. A 1901 Robert Paul ya yi ɗan fim a Ingila na baƙauyen da ya ga jirgin ƙasa a allo ya ruga, shekara ɗaya bayan haka kamfanin Edison ya kwaikwaya a Amurka, har baƙauyen nasu ya yage allon ya tarar da mai haskawa a baya. Labarin nan da a ke bayarwa na mutanen Paris da suka watse da ganin jirgin 'yan'uwa Lumière a 1896, Martin Loiperdinger ya bincika a 2004 bai sami shaidar zamanin da ta tabbatar da shi ba. Abin da aka tabbatar shi ne wannan: ran 1 ga Afrilu 1957 gidan talabijin na BBC ya nuna mata a ƙasar Suwizalan suna girbin taliya daga rassan itatuwa, mutane da yawa suka buga waya suna tambayar inda za su sami iri. A 1962 kuma, shekarar da littafin McLuhan ya fito, wani masani a talabijin na Suwidin ya ce wanda ya shimfiɗa safar mata ta nailan a fuskar akwatinsa zai ga launi, jama'a suka gwada. Ke nan kowace al'umma tana da ƙauyen da ta ke ajiye wautarta a ciki.

Yanzu sai tarihin zuwan akwatin kansa. Tasha ta farko a Nijeriya ita ce ta Jihar Yamma a Ibadan, wadda aka buɗe ran 31 ga Oktoba 1959 a zamanin Obafemi Awolowo. Ta Inugu ta biyo a 1960. Ta Arewa, watau Rediyo Talabijin Kaduna, ta fara aiki a watan Maris 1962 a zamanin Sardauna, Gwamnatin Jihar Arewa ta haɗa hannu da kamfanonin Granada da EMI na Ingila. Amma a ce Arewa ta sami talabijin a 1962 magana ce ta takarda. Muryar rediyo mai gajeren zango tana tashi sama ta dawo ƙasa a nesa, shi ya sa mutumin Maiyama ya ke jin Kaduna da London. Saƙon talabijin kuwa miƙe ya ke tafiya kamar haske, in doron ƙasa ya tare shi, shi ke nan. Tsakanin Kaduna da Jega ya fi mil 200. Sabo da haka ƙasar Gwandu ba ta shiga lissafi ba sai da aka kafa tasha a Sakkwato a tsakiyar shekarun 1970, wadda ta koma ƙarƙashin NTA da dokar 1977 ta haɗe tashoshin ƙasa. Ko a sa'an nan tsakanin Sakkwato da Jega ya fi mil 70, watau bakin iyakar abin da eriya ta ke iya kamowa, dole sai da dogon ƙarfe a kan soro, yaro yana juya shi a waje ana yi masa kira daga ɗaki. Inda babu lantarki kuwa sai batirin mota. Jihar Kebbi ba a yanke ta daga Sakkwato ba sai ran 27 ga Agusta 1991. Don haka mutanen wannan yanki sun daɗe da majigi, sun yi ɗan gajeren zama da akwati mai baƙi da fari, ko baƙi da hwari kamar yadda a ke faɗa a can, sa'an nan bidiyo da satalayit suka rufto kusan tare.

Abin da na fi so malamai su tsaya a kai shi ne abin da ke faruwa cikin akwatin. Tsohon talabijin mai tulun gilashi bai taɓa nuna hoto cikakke ba ko sau ɗaya. Ɗigon haske guda tak ne ya ke gudu daga hagu zuwa dama, layi bayan layi, daga sama zuwa ƙasa, kamar mai huɗa yana bin gona, inda ya wuce hasken ya dushe nan da nan. Wanda ya ɗauki hoton fuskar akwatin da kyamara mai saurin ƙiftawa ba zai sami kome ba sai ɗan zirin haske, sauran duk duhu. Tsarin da Nijeriya ta bi layi 625 ne, hoto 25 a sakan guda. Amma ƙifce-ƙifce 25 a sakan ido yana ganinsu, suna sa ciwon kai. Sai masu ƙira suka yi dabara: ɗigon ya fara bin layi na ɗaya da na uku da na biyar har ƙasa, sa'an nan ya koma sama ya cike waɗanda ya tsallake. Ta haka fuskar akwatin ta kan haskaka sau 50 a sakan, ko da ya ke ko wane karo rabin hoto ne. Hamsin kuwa ta ɗan haura iyakar abin da tsakiyar ido ke iya rarrabewa, amma ba ta haura ta gefen ido sosai ba, shi ya sa wanda ya kalli tsohon akwati ta wutsiyar ido ya kan ga yana rawa. Kaza, tun da ita muka faro, idonta ya fi namu saurin rarrabe ƙifce-ƙifcen haske, don haka dabarar da ta ishi ɗan Adam ita ba ta ishe ta ba.

Me ya sa 50, ba 45 ko 70 ba? Domin wutar lantarki ta Ingila, wadda muka gada, tana juyawa sau 50 a sakan, in aka saɓa mata sai wata inuwa ta riƙa hawa da sauka a kan hoton. Ta Amurka sau 60 ta ke juyawa, shi ya sa nasu hoto 30 ne, layi 525. Watau gudun injinan Kainji, da suka fara ba da wuta a ƙarshen shekarun 1960, da gudun ɗigon hasken nan a wani zaure na Aliero, asalinsu ɗaya. Wannan ya haifar da wani abin da kusan ba wanda ya lura da shi. Fim na silima hoto 24 ne a sakan. In za a nuna shi a talabijin irin namu sai a tura shi ya yi 25. Fim ɗin Indiya na sa'a biyu da rabi ya kan ragu da minti 6, muryar mawaƙiya kuma ta ɗan ƙara tsini. Shekara da shekaru a ke kallonsu haka, kunne bai yi ƙorafi ba.

A nan akwai gyaran da ya kamata a yi a littattafan koyarwa. Har yanzu waɗansu suna cewa muna ganin motsi ne sabo da ido yana riƙe hoto na ɗan lokaci bayan ya wuce, bayanin da a kan danganta shi ga Peter Roget tun 1824. In da wannan ne kaɗai, da abin da za mu gani shi ne hotuna sun hau kan juna sun dame. Max Wertheimer ya nuna a 1912 cewa in aka kunna haske a nan, aka kashe, aka kunna wani a kusa da shi cikin tazarar da ta dace, mutum zai ga abu guda ya tashi daga nan zuwa can, alhali ba abin da ya motsa. Ƙwaƙwalwa ce ta ke ƙago tafiyar, ta zaɓi hanya mafi kusa. Shi ya sa ƙafar mota a fim ta kan yi kamar tana juyawa baya: tsakanin hoto da hoto ko wane sili ya kusa kai wurin da na gabansa ya ke, sai ƙwaƙwalwa ta ɗauka baya ya ja kaɗan. Farfesa da almajiri duk haka za su gani, sanin dalili ba ya warkar da shi.

Launi ma haka. Tashar Jos ta Jihar Binuwai da Filato ita ta fara nuna launi a Nijeriya a tsakiyar shekarun 1970. Wanda ya kai ido dab da gilashin zai ga ba kome sai ɗige-ɗige ja da kore da shuɗi. Babu rawaya a ciki ko kaɗan. Rawayar da ka ke gani ja ne da kore suka haɗu a idonka, domin ƙwayoyin ganin launi iri uku ne a idon mutum, abin da Thomas Young ya yi hasashe tun 1802. Sa'an nan ido bai iya bin iyakokin launi da kaifi kamar yadda ya ke bin na haske da duhu, sai masu ƙira suka zana hoton sosai da baƙi da fari, suka shafa launi a kai sama sama kamar mai shafe. Amurkawa da suka shigo da launi a 1953 sai da suka rage gudun hotonsu da kashi ɗaya cikin 1,000 don kada launi ya yi karo da sauti, har yau lissafinsu 29.97 ne ba 30 ba. Nijeriya ta bi tsarin PAL na Jamus, Nijar ta bi SECAM na Faransa, don haka akwatin da aka ƙera wa ɗaya kaɗai ba ya nuna launin ɗayan. Iyakar da Ingila da Faransa suka ja a arewa da yamma da Kebbi ta biyo mu har cikin gilashi. Kafin launi ya wadata kuwa, a Amurka da nan ƙasar an sayar da wata leda mai shuɗi a sama da kore a ƙasa a ke manna wa akwati. Ta kan yi daidai in sararin sama da ciyawa a ke nunawa, in fuskar mutum ce sai goshinsa ya yi shuɗi.

Ga wanda ya fi duka ban mamaki. A 1942 Warren Middleton ya tambayi ɗaliban wata kwaleji a Amurka ko suna ganin launi a mafarki, kusan kashi 71 cikin 100 suka ce ba safai ba ko ba su taɓa ba. Eric Schwitzgebel ya maimaita tambayar, ya buga sakamakon a 2003, masu irin wannan amsa suka koma kusan kashi 18. A 2008 Eva Murzyn ta Jami'ar Dundee ta sami cewa dattawan da suka tashi da kallon baƙi da fari sun fi yawan cewa mafarkinsu ba launi. Kafin zamanin fim kuwa marubuta suna ambaton launi a mafarki ba tare da wani mamaki ba, mu ma littattafan fassarar mafarki da malamanmu ke karantawa, irin waɗanda a ke danganta wa Ibn Sirin, sun bambanta koren tufa da fari da ja. Ko dai akwatin ya canja mafarkin, ko ya canja abin da mutum ya ke tsammanin ya gani in ya farka. Ko wanne ne, ya nuna cewa shaidar mutum a kan abin da ke cikin kansa ba ta da ƙarfin da mu ke zato.

Hausa, kamar yadda Ian Ritchie ya yi bayani a 1991, kashi biyu ta yi wa gaɓoɓin sani: gani da ji. Sauti da ƙanshi da ɗanɗano da zafi da fahimtar magana duk ji ne. Mu kan ce gani ya kori ji, muna nufin shaidar ido ta fi jita-jita. Ashe karin maganar gaskiya ce har a zahiri. A 1976 Harry McGurk da John MacDonald suka haɗa hoton leɓe yana furta "ga" da murya tana cewa "ba", sai yawancin manya suka ji "da", sautin da ba wanda ya furta. In mutum ya rufe ido sai "ba" ta dawo. Ga ɗalibin ilmin harshe wannan babban fage ne, domin Hausa tana da ɓ da ɗ bayan b da d, kuma karin sauti, wanda ke raba ma'ana a harshenmu, ba a karanta shi a leɓe. Irin wannan rinjaye na ido shi ya sa mu ke jin murya tana fitowa daga bakin mutumin da ke allo alhali lasifika tana gefe, shi ya sa tafintan majigi ya kan ɓace a hankalin 'yan kallo, shi ya sa kuma finafinan Indiya da aka ɗora wa muryar Hausa, waɗanda suka cika kasuwa bayan 2010, suka karɓu, har mai kallo ya manta jarumin bai san ko sannu ba.

Mu koma ga mutanenmu uku. Tsohuwar da ta ce idon mutumin yana bin ta gaskiya ta faɗa. Hoto shimfiɗaɗɗe ne, in wanda aka ɗauka ya dubi idon kyamara, to, ya dubi kowa a ɗakin, na dama da na hagu, ba kuwa inda za ka matsa ka kuɓuta. Masu zane na Turai sun san haka tun ƙarnuka. Abin da ya bambanta shi ne tarbiyya: a wurinta namiji baƙo ya kafe mace da ido rashin kunya ne, ta kuwa yi abin da mai mutunci ke yi. Mai amsa sallama shi ma bai zaci ana jinsa ba. An yi sallama, ya ji, bakinsa ya amsa, kamar yadda dubban masu ilmi ke amsa ta rediyo a mota har gobe. Donald Horton da Richard Wohl sun rubuta tun 1956 yadda Amurkawa ke ɗaukar mai gabatar da shiri tamkar abokin da suka sani, kuma da gangan a ke horar da shi ya dubi kyamara don ya haifar da wannan. Mu ma da Usman Baba Pategi ya rasu a 2023, mutane da yawa da ba su taɓa haɗuwa da shi ba sun yi juyayin Samanja kamar na gida. Wanda ya leƙa bayan akwati kuwa, a ganina shi ne ya fi kusa da hanyar kimiyya: ya ga abu, ya yi zato, ya tashi ya gwada.

Waɗannan abubuwa suna shuɗewa da sauri. Tun da aka fara sauya tsarin watsa shirye-shirye zuwa na dijital a Jos a 2016, kuma satalayit da wayar hannu suka mamaye, yaron yau bai san ɗige-ɗigen nan masu kama da tsaki da ke cika allo in tasha ta rufe ba, waɗanda Ingilishi ke kira da sunan ƙanƙarar da ke sauka a ƙasarsu, mutanen Suwidin yaƙin tururuwa, na Japan guguwar yashi, kowa da abin da ya saba gani. Yanzu hoto daskarewa ya ke yi ya farfashe gida gida. Sabon abin lura shi ne jinkiri: saƙo ya hau mil 22,000 zuwa tauraron ɗan Adam ya sauko, na'ura ta kwance shi, don haka gidajen kallon ƙwallo biyu a unguwa ɗaya, masu kamawa ta hanyoyi dabam dabam, ba sa yin ihun cin ƙwallo tare.

Jega da Aliero da Maiyama suna da abin da Amurka ta riga ta rasa: a gida ɗaya a kan sami kakan da ya girma da majigi, da uban da ya ɗan taɓa baƙi da fari, da jikan da ya buɗe ido da waya mai launi, ga kuma jami'a a Aliero tun 2006 da ɗaliban da za su iya zama da su. Tambayar mafarki da gwajin leɓe ba sa bukatar kuɗi mai yawa. Sai dai a kula da kalmar da za a yi tambaya da ita. Hausa tana da launi tun da, amma ba a cewa talabijin mai launi a kasuwa, mai kala a ke cewa, kuma kala a wannan ma'ana kishiyar baƙi da fari ce, ma'anar da ta zo tare da hoto da akwati. A tsohuwar Hausa fari da baƙi su ma launi ne, su da ja ne ma manyan launuka. Wanda ya tambayi dattijon Maiyama ko mafarkinsa mai kala ne ya riga ya sa masa akwatin a cikin tambayar. Gara a ce ya ba da labarin mafarkin jiya, a bar shi ya kai ƙarshe, sa'an nan a tambaye shi wace irin riga mutumin ya sa.